Amsa kan ƙananan taurarin ɗan'adam da ɗalibai ke haɗawa

Assalamu alaikum. Malam, na ga tambayarka game da ɗanka da ke karatun injiniyan lantarki a nan Legas, wanda ya ce shi da abokansa suna son haɗa tauraron ɗan'adam, kana kuma neman sanin ko maganar tana da tushe ko kuwa zumuɗin ƙuruciya ne. Gyaran rediyo da kayan lantarki ne sana'ata a Agege, kuma na daɗe ina sauraron irin waɗannan taurari daga saman benen da muke haya, don haka zan faɗi abin da na sani.

Maganar tana da tushe. Tun a Disambar 1961, shekara huɗu bayan Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko a duniya, masu sha'awar rediyo a Amurka suka haɗa OSCAR 1 aka harba shi, yana aiko da gaisuwar HI da harufan Mos, wato gajeru da dogayen sauti irin na wayar tangarahu. Amma abin da ya buɗe wa ɗalibai ƙofa shi ne ma'aunin CubeSat, wanda Jordi Puig-Suari na jami'ar Cal Poly da Bob Twiggs na Stanford suka fitar a 1999: akwati mai santimita 10 ta kowane gefe, nauyinsa kilo ɗaya da 'yan kai. Tunda girman ɗaya ne, roka tana iya ɗaukarsa a gefen babban tauraron da aka yi tafiyar dominsa, kamar yadda direban tirela kan ɗora ɗan ƙunshi a kan lodin da wani ya riga ya biya. A watan Yunin 2003 aka harba rukunin farko daga Rasha.

Mu ma an yi da mu. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, tare da NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya, ta shiga shirin Birds-1 na cibiyar fasaha ta Kyushu a Japan, aka samar da NigeriaEduSat-1. An kai shi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a watan Yunin 2017, aka sake shi a watan Yuli tare da na Gana da Mongoliya da Bangladesh da Japan, ya yi kusan shekara biyu yana kewaya duniya kafin ya gangaro ya ƙone a iska. Sai dai a lura, a Japan aka haɗa shi, inda akwai injin da ke girgiza tauraro irin girgizar roka, da ɗakin da ake zuƙe wa iska a gwada shi da zafi da sanyi. Wannan gwajin da kuɗin harbawa su ne masu tsada, sun fi ƙarfin aljihun uba, aikin jami'a ne da hukuma.

Shawarata ita ce yaron ya fara da tashar sauraro a ƙasa. Taurarin ɗalibai da dama an harba su ba a sake jin ɗuriyarsu ba, sau da yawa saboda batir ya mutu ko eriya ta ƙi buɗewa, domin akan naɗe ta ne a ɗaure da zaren kamun kifi, sai wata 'yar waya ta yi zafi ta ƙone zaren bayan an saki tauraron. Ɗalibin da ya saba kamo raunanan sigina da hannunsa shi ne zai fahimci dalilin da ya sa ake ba rediyo da wuta muhimmanci fiye da kyamara.

Kayan ba su da yawa. Yana buƙatar 'yar na'urar kama siginar rediyo ta RTL-SDR da ake soka wa kwamfuta, da manhajar Gpredict mai nuna lokacin wucewar tauraro, da eriyar Yagi wadda zai iya haɗawa da tef ɗin awo na kafinta da bututun roba na famfo. Ya duba kasuwar Alaba ko ta Computer Village. Waɗannan taurari suna zagaye duniya cikin kimanin minti 90, kuma ba sa wuce minti 10 zuwa 15 a samanmu. A zangon megahaz 435 sautin yakan goce da kusan kilohaz 10 sama ko ƙasa, kamar yadda ƙarar hon ke sauyawa idan mota ta wuce ka da gudu, don haka dole hannu ɗaya ya bi tauraron da eriya yayin da ake gyara zangon.

Legas tana da nata wahalhalun. Na yi makonni ba na jin komai sai shuu, ina zargin eriyata, ashe janaretoci da inbatocin maƙwabta da ƙwayayen fitila masu araha ne suke cika iska da hayaniya. Sai da na koma hawa sama bayan sallar asuba, lokacin da yawancinsu suke a kashe, sannan na ji tauraro na farko, kuma har yau ban manta sanyin da na ji a raina ba. Iskar teku kuma tana cin mahaɗan waya da tsatsa, sai an naɗe su da kyau kafin damina.

Sauraro kowa na iya yi, amma aika sigina sai da lasisin rediyon masu sha'awa, wanda lambar kiransa a Najeriya ke farawa da 5N. Idan ya samu, akwai QO-100, na'urar da ke karɓar siginar masu sha'awar rediyo ta maido da ita ƙasa, da ke kan tauraron Es'hail-2 na Katar tun 2018, wanda yake tsaye wuri ɗaya a sama kuma ya game Afirka duka, ana kama shi da faranti irin na talabijin. Kafin nan ya gwada megahaz 145.800, inda tashar sararin samaniya kan aiko da hotuna lokaci-lokaci. Idan ka amince, Malam, ya zo da kwamfutarsa wata Asabar da sassafe mu hau sama tare, in nuna masa yadda ake riƙe eriyar.