Gasa, Hamayya da Babakere: Amsar Wasiƙun Masu Karatu

Wani mai sayar da tumatur a kasuwar Mile 12 ya ce maƙwabcinsa ya rage kuɗin kwando, masu saye sun koma can. Yana tambaya ko wannan ba ita ce hassada ba.

A'a, Alhaji, gasa ce. Mai hassada so yake ni'imarka ta gushe, ko da shi ba zai tsira da komai ba. Mai gasa kuwa so yake ya fi ka, sai ya rage riba, ko ya zaɓo kaya masu kyau, ko ya riga ka sammako. Cakuɗa kalmomin nan biyu yana damuna ƙwarai, domin shi ya sa duk wanda ya kafa rumfa kusa da tamu muke masa kallon maƙiyi. Alhali a Suratul Baƙara, aya ta 148, an umarce mu da rige-rige wajen ayyukan alheri, kuma daga tushen kalmar da aka yi amfani da ita a can musabaƙa ta fito.

Manya a nan Legas ba su manta zamanin NITEL, kamfanin wayar tarho na gwamnati, ba, lokacin da layin waya sai mai hanya. A 2001 aka yi gwanjon lasisin wayar salula, MTN da Econet suka fara aiki, ko daƙiƙa goma ka yi kana magana kuɗin minti guda za a cire maka. Da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, ba a jima ba sauran suka bi sahu. Ba tausayi ya kama su ba, tsoron rasa ciniki ne. A kan haka ƙasashen da suka buɗe kasuwa da siyasa suka ginu: kowa ya gwada sa'arsa, mai saye ko mai ƙuri'a ya raba gardama. In kana da kyau ka ƙara da wanka, Alhaji. Duba awonka da yadda kake tarbar mutane.

Wata malama daga Agege tana son bambancin abokin hamayya da abokin gaba.

Malama, da 'yan siyasarmu da masu yi musu sharhi a Facebook za su riƙe wannan bambanci, da an huta. Abokin hamayya kun yarda da doka ɗaya da alƙali ɗaya, in ya kayar da kai ku gaisa, ka jira zagaye na gaba. Abokin gaba kuwa ba ya son ganinka a filin ma. A Ingila tun 1937 ake biyan jagoran 'yan adawa albashi daga baitulmali, don an ɗauki sukar gwamnati aiki ne na ƙasa. Wayar da Jonathan ya buga wa Buhari a 2015 ya amince da shan kaye, halin hamayya ke nan.

Mai tsire daga Obalende: gasa nama da gasar ƙwallo kalma ɗaya ce?

Rubutu ne ya haɗa su. Ta ƙwallo ana jan wasalin farko, taka ba a ja.

Takara fa, in ji wani direba daga Apapa. Gasar neman kujera ce, shi ya sa ake tsayawa takara amma ake shiga gasa.

Wani ɗalibi daga Idi-Araba ya tambayi ma'anar babakere da kashin dankali.

Babakere shi ne mutum ɗaya ya mamaye wuri ya hana kowa raɓa. Kashin dankali kuma daga yadda ake kasa dankali a kasuwa aka ɗauko shi, manya a sama sun danne ƙanana. Gasar da ba mai tsaronta nan take ƙarewa, domin wanda ya yi nasara yakan rufe ƙofar da ya shigo ta ciki. Shi ya sa kotun ƙolin Amurka ta raba kamfanin mai na Standard Oil gida 34 a 1911. Mu ma muna da dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, kuma can ake kai ƙarar 'yan kasuwar da suka haɗa baki suka tsayar da farashi.