Tambayoyinku kan fasaha: wayata za ta iya zana mana iyakar ƙasar ƙauyenmu?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni daga wani ƙauye nake ta wajen Giwa, muna da fadama da makiyaya da tsohuwar maƙabarta tun na kakanni, yanzu masu yanka filaye sun fara matsowa kuma ba mu da ko takarda ɗaya. Ƙanena da ke karatu a Samaru ya ce wai a Barazil mutanen daji sun kare ƙasarsu da Google. Gaskiya ne, kuma wayata Tecno za ta iya?

Amsa: Ƙanen naka bai yi ƙarya ba. Ƙabilar Surui ce a jihar Rondonia, shugabansu Almir Surui shi ya nemi Google da kansa a 2007, aka koya wa matasansu aiki da manhajar taswira ta Google Earth da wayoyi, suna ɗaukar hoton inda ɓarayin katako suka yi sara tare da lambobin wurin. Akwai kuma Waorani a Ekwado da suka yi amfani da wata manhaja Mapeo wadda ba ta buƙatar intanet, a 2019 kotu ta tsayar da shirin ba kamfanonin mai yankinsu. Sai dai ka lura da abu ɗaya ɗan'uwa, ba wayar ce ta ci shari'a ba, shekaru suka yi suna bin daji a ƙafa da dattawansu, tsoho na cewa nan muke farauta, nan kabarin wane, nan maganin kaza ke fitowa, yaro na dannawa. Wayar marubuci ce kawai.

Toh Tecno ɗinka za ta yi. GPS, wato abin da waya ke gane inda take da shi, ba ruwansa da data ko sabis, daga tauraron ɗan'adam kai tsaye yake karɓa, mutane da yawa ba su san haka ba shi ya sa suke cewa ai garinmu ba netwok. Ka shigo Zariya inda sabis ke da ƙarfi ka sauke manhajar taswira irin OsmAnd ko SW Maps, ka sauke taswirar yankinku a ciki, shikenan ka koma gida. Ranar aiki kar ku fita ku kaɗai ku samari, ku tafi da mai unguwa ko wakilin dagaci, da tsofaffin da suka san ɗorawar nan ita ce iyaka, kukar can ita ce ta raba mu da su wane, kuma don Allah ku kira maƙwabtan da kuke iyaka da su, da ardo in burtali ya ratsa ta wurin, domin taswirar da ɓangare ɗaya ya zana a ɓoye rigima take haifarwa ba maganinta ba. A kowace kusurwa ka tsaya kamar minti ɗaya sai lambobin sun daina rawa, ka ajiye wurin, ka sa masa sunan da kuke kiransa da shi da Hausa ko Fulatanci, ka ɗau hoto, in da hali ka naɗi muryar dattijo yana bayanin yadda aka yi wurin ya zama naku. Wannan muryar ni a wajena ta fi layin da ke kan sikirin daraja, don layi ana iya sake zanawa gobe amma tsohon in ya tafi ya tafi.

Yanzu ga inda zan ɗan sanyaya maka gwiwa. Waya tana kuskuren mita 3 zuwa 5 a fili, a ƙarƙashin mangwaro mai duhu ko gefen dutse ya fi haka, kaga a gona ai wannan kunya nawa ce. Saboda haka abin da ka zana ba takardar mallaka ba ce. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, ta karkara kuma ƙaramar hukuma ke ba da izinin mallaka na gargajiya, a jiharmu ta Kaduna hukumar KADGIS ke riƙe da rajistar filaye, kuma awon da ake karɓa na safiyo mai lasisi ne. Amfanin taku taswirar shi ne in kun je gaban hakimi ko ofis ba da baki kawai kuka je ba, kuma safiyo in ya zo ba zai ɓata kwana uku yana neman iyaka ba.

Tambaya: Na shigar da lambobin da ke jikin takardar awon gonar babanmu a Google Maps, sai ya nuna mini cikin gonar wani. An cuce mu ne?

Amsa: Kar ka yi saurin ɗaukar zafi. Yawancin takardun awo na Najeriya da ma'aunin Minna aka yi su, waya kuma da wani ma'aunin daban mai suna WGS84 take aiki, tsakaninsu akwai gocewar da ta haura mita 50 a nan yankin namu. Sai an juya lambobin tukuna, kowane safiyo ko ɗalibin sashen awon ƙasa (Geomatics) na ABU zai yi maka cikin minti biyar.

Tambaya: In mun gama mu ɗora a Facebook ko OpenStreetMap kowa ya gani?

Amsa: Sunan ƙauye, hanya, makaranta, asibiti, rijiyar burtsatse, waɗannan ku sa a OpenStreetMap, wato taswirar intanet da kowa ke iya ƙara bayani a ciki, ai da irin wannan aikin masu rigakafin shan inna suka gano rugage da ƙauyukan da ba sa cikin tsofaffin taswirori. Amma iyakokin gonaki da sunan masu su, da inda shanu ke kwana, da hanyar da kuke bi in an yi gudu, wallahi a halin tsaron da ake ciki ta wajenku ban ba ku shawara ba. Ku fitar da taswirar a matsayin fayil irin KML ko GPX, kwafi ɗaya a memori, ɗaya a imel ɗin mutum biyu da gari ya yarda da su, sannan ku buga a takarda babba a sa hannu da kwanan wata a ajiye wajen dagaci, don waya ana sacewa kuma ana yi mata filashin.