Tambaya da Amsa: Waya Landan-yus ta iso da aibi, wa zai ɗauki asara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Na sayi iPhone Landan-yus, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, a wajen wani ɗan kasuwa a Legas da na gani a Facebook, ya ce lafiyarta ƙalau. Na tura kuɗi, ya ba direba ya kawo mini Zariya. Ina kunnawa sai ga sikirin yana danna kansa, caji kuma ba ya kai azahar. Na kira shi, ya ce kayan hannu ba a mayarwa. Ina mafita? Daga wata mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Hajiya, maganarsa ba ta da tushe. Tsufan kaya daban, aibin da aka ɓoye daban. Ƙarzuwa a bayan waya ko ɗan raguwar batir, wannan kin sani tun da kika zaɓi ta hannu. Sikirin mai danna kansa kuwa, bayan an ce miki lafiya ƙalau, aibi ne, kuma a wuyansa yake.

Kafin ki sake kiransa, haɗa hujja. Danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, za ta fito, ki gwada ta da wadda ke hotunan da ya turo miki, don kada gobe ya ce ba wayarsa ba ce. Shiga Settings, General, About: idan an canza sikirin ko batir da wanda ba na kamfani ba, wayoyin baya-bayan nan sukan rubuta Unknown Part, wato kayan da wayar ba ta gane ba. Duba lafiyar batir; ƙasa da kashi 80 cikin 100 ya gaji. Sai ki cire maɗaukin layi ki haska cikin ramin da tocila. Akwai ɗan alama a ciki, fari ne, idan ya koma ja to ruwa ya taɓa shiga. Duk waɗannan suna nuna ciwon tsoho ne, ba a mota ya same ta ba. Wannan bambancin shi ne kan magana, domin abu na farko da masu sayarwa ke fakewa da shi shi ne "direba ne ya buga ta".

Kada ki kai ta wajen mai gyara ya buɗe. Da zarar an kwance noti ɗaya, kin ba shi bakin magana. Kada kuma ki ci gaba da amfani da ita. A fikihu, wanda ya ga aibi ya ci gaba da mora ana ɗaukarsa ya yarda, ya zubar da haƙƙinsa na mayarwa.

Dokar kare masu sayen kaya ta 2018, wadda FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, ke aiwatarwa, ta ba mai saye wata uku ya mayar da kayan da suka zo da lahani, kuma ɗawainiyar mayarwa a kan ɗan kasuwa take: ya gyara, ya canza, ko ya dawo da kuɗi. Ki rubuta masa saƙo, ba kira ba, ki haɗa bidiyon wayar tana danna kanta da rasit ɗin banki, ki faɗi wanda kike so cikin ukun, ki ba shi kwana bakwai. Ɗauki hoton tallarsa yau, domin gogewa ba ta da wuya.

In ya yi kunnen ƙashi, shigar da koke a shafin FCCPC. In yana da shago, nemi shugabannin ƙungiyar kasuwarsa. Sau da yawa sun fi takardar hukuma saurin tanƙwara ɗan kasuwa, don ba ya son a ɓata shi a layinsu. Banki kam kada ki sa rai, ba ya dawo da kuɗin da kika tura da hannunki don kawai kaya sun zo da matsala.

Ranar mayarwa, ɗauki bidiyo tun daga nuna IMEI har liƙe kwali, ki karɓi lambar direban da ta motar, kuma kada ki fitar da iCloud ɗinki, wato asusunki na Apple da ke kulle wayar, sai kun yi yarjejeniya a rubuce kan ranar da alat zai shigo.