Ga ƙanena da sunan Lord Denning ke jan sa zuwa Ingila

Assalamu alaikum ƙanena. Ina fatan kana lafiya, da su Baba da Hajiya da duk mutanen gida.

Saƙonka ya iso. Ka ce kana aji biyu a karatun lauya, malamanku kullum sai sun ambaci Lord Denning, har zuciyarka ta fara raya maka ka ajiye karatun gida ka taho Ingila ka soma daga tushe, ko Allah zai sa wata rana ka hau kujerar alƙali irin tasa. Ka kuma tambaye ni ko baƙo na iya kaiwa can. Yana iyawa, amma ba ta hanyar da kake zato ba. Rayuwar mutumin ma da kanta za ta nuna maka dalili.

An haifi Alfred Thompson Denning a 1899 a wani ƙaramin gari mai suna Whitchurch a yankin Hampshire. Mahaifinsa mai shagon sayar da yadi ne, ba attajiri ba, ba basarake ba. Da tallafin karatu ya yi sakandare, da shi kuma ya shiga kwalejin Magdalen ta Oxford, inda ya fara da lissafi. Yaƙin duniya na farko ya katse masa karatu, ya je fagen daga a Faransa, 'yan'uwansa biyu kuma yaƙin ya yi sanadin rasuwarsu. Da ya dawo ya kammala lissafin, ya ɗan koyar a makarantar Winchester, sannan ya koma Oxford ya karanta shari'a. A 1923 ya zama barista.

Yanzu ka lura da lissafin shekarun. Sai a 1944 aka naɗa shi alƙalin Babbar Kotu, yana da shekara 45, bayan ya kwashe shekara 21 yana tsayawa gaban alƙalai da takardun mutane a hannu. Abin da ɗalibai da yawa ba su sani ba ke nan kafin su iso: a nan ba a karanta alƙalanci a jami'a a fito a ɗauke ka aiki. Daga cikin lauyoyin da suka daɗe suna gogewa ake tsamo alƙalai. A zamaninsa manya ne ke zaɓa a asirce. Tun 2006 akwai hukumar da ke tallata guraben, a cike takarda a yi ganawa, kuma ɗan ƙasar da ke cikin ƙungiyar Commonwealth, kamar Najeriya, yana da damar nema. Doka ta ce shekara 7 na aiki sun isa neman kujerar Babbar Kotu, sai dai a zahiri mafi yawan waɗanda ake naɗawa sun yi wajen ashirin ko fiye.

Bai daɗe a kujerar ba ya yanke hukuncin da na tabbata za ka gamu da shi a darasin kwantiragi, wato shari'ar High Trees ta 1946. Wani kamfani ya ba da hayar ginin gidaje a Landan kan fam 2,500 a shekara. Yaƙi na biyu ya zo, mutane suka watse daga birnin, ɗakuna suka zama wayam, sai mai ginin ya yarda a 1940 a riƙa biyan rabi. Da gidajen suka sake cika a 1945 aka koma rigima. Denning ya ce daga lokacin da suka cika a biya cikakken kuɗi, amma ya ƙara da cewa da mai ginin zai nemi cikon shekarun yaƙi, ba zai samu ba, domin ya yi alkawari kuma an dogara da alkawarin. Wannan ne halinsa har ya bar aiki: in ya ga bin tsohon hukunci zai cuci mai gaskiya, sai ya nemo wata ƙofa. Kotun da ke sama da shi ta sha rushe hukuncinsa saboda haka.

Ya hau Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1948, ya kai kotun Majalisar Dattawan Birtaniya (House of Lords), wadda ita ce ta ƙoli a lokacin, a 1957. A wannan zamanin ne, yana zama a kotun Privy Council mai sauraron ƙararraki daga ƙasashen da Birtaniya ta mulka, ya rubuta hukuncin Macfoy da kamfanin UAC a 1961, ƙarar da ta taso daga Saliyo, mai ɗauke da maganar nan da lauyoyinmu ke ja har gobe a kotunan Najeriya, cewa ba ka ɗora abu a kan babu ka sa ran zai zauna. A 1962 ya yarda ya sauko ƙasa ya shugabanci ɓangaren ƙararrakin haƙƙi na Kotun Ɗaukaka Ƙara, muƙamin da ake kira Master of the Rolls. Can alƙalai uku ne ke zama, in ya shawo kan ɗaya, ra'ayinsa ya zama hukunci. Shekara 20 ya yi a wannan kujera.

Akwai kuma abin da ba kasafai ake faɗa muku a aji ba, kuma ya shafe ka kai tsaye. Wasu mutum shida da aka ɗaure kan harin bam na Birmingham sun kai ƙarar 'yan sanda cewa dukansu aka yi. A 1980 Denning ya tsayar da ƙarar, yana ganin in maganarsu ta tabbata, to 'yan sanda sun yi rantsuwa kan ƙarya, abin da bai yarda a buɗe ba. A 1991 aka soke hukuncinsu aka sake su, bayan shekara 16 a kurkuku. Sannan a 1982 ya wallafa littafi inda ya nuna shakku kan cancantar wasu baƙaƙen fata su zauna cikin masu taimaka wa alƙali yanke hukunci. Biyu daga cikin waɗanda maganar ta taɓa suka yi barazanar kai shi kotu, aka janye littafin, ya nemi afuwa, ya yi murabus yana da shekara 83. Ya rasu a 1999 da shekara 100 cif. Ina girmama basirarsa ƙwarai, kuma wannan maganar tasa tana ci mini rai duk lokacin da na tuna, domin irinmu yake nufi.

Abubuwa sun canja, amma a hankali. Sai a 2004 aka fara samun alƙalin Babbar Kotu wanda ba Bature fari ba, Linda Dobbs, haifaffiyar Freetown, ita ma bayan shekara 23 tana barista.

In ka taho yanzu, ga abin da ke gabanka. Digiri na shekara uku da kuɗin makaranta na baƙi, wanda ya fi na 'yan ƙasa nesa ba kusa ba, kuma da naira Baba zai nemo fam ɗin. In barista kake so, sai ka shiga ɗaya daga cikin zaurukan lauyoyi huɗu na Landan, irin su Lincoln's Inn inda Denning ya fito, ka yi kwas, sannan ka nemi gurbin almajirci na wata 12 a hannun gogaggen barista. A nan ne jirgin yawancin mutane ke tsayawa, don masu nema sun ninka guraben sau da yawa, kai kuma bizarka tana ƙarewa kana jira. Na ga yara masu ƙoƙari sosai da suka ƙare da takarda a hannu suna aikin da bai da alaƙa da shari'a. In kuma ka juya gida da digirin Ingila, sai ka fara yin kashi na farko na Makarantar Horon Lauyoyi, wanda aka tanadar wa masu digirin waje, kafin ka haɗu da abokanka a kashi na biyu.

Saboda haka shawarata, kada ka taɓa karatunka. Ka kammala digirin da sakamako mai kyau, ka je makarantar lauyoyi, ko Bwari ko Bagauda ko duk inda aka tura ka, ka zama cikakken lauya, ka yi aiki shekara biyu ko uku a ofishin da ake shiga kotu da gaske. Daga nan ka nemi digiri na biyu a nan, shekara ɗaya ne kawai. Tallafin karatu na gwamnatin Birtaniya mai suna Chevening yana buƙatar gogewar aiki ta shekara biyu, kuma sharaɗinsa ka koma gida na shekara biyu bayan ka gama. In daga baya kana son lasisin aiki a Ingila, akwai jarrabawar SQE, ta zama lauya irin wanda suke kira solicitor, da aka fara a 2021, kuma wanda ya riga ya zama lauya a ƙasarsa ba a neman ya sake yin shekara biyun koyon aiki da ake ɗora wa sababbi. Dokokin biza kuwa suna yawan sauyawa, ka duba su a shafin gwamnatin Birtaniya da kanka lokacin da za ka nema, kada ka dogara da dillalai.

Ka turo mini sakamakonka na zangon da ya wuce in gani, kuma ka nuna wa Baba wannan saƙon kafin ku sake maganar sayar da filin nan. Ka gaishe mini da Hajiya.