Tirelar taka ce ta yi zurfi cikin ruwa

Malam, ka ce duk sanda za ka ɗora jirgin bisa tirela a bakin dam ɗin Goronyo sai gindinshi ya karkace gefe ɗaya. Matsalar ba ta jirgi ba ce, kana tura tirelar cikin ruwa da yawa ne, to jirgin shina yawo sama bai zauna kan katakan ba, iska kaɗan ta taso sai ta kaɗa shi. Ka yi ribas a hankali har kamar kashi 2 cikin 3 na katakan su jiƙe, madigadin taya ya ɗan leƙo saman ruwa, ka tsaya nan. Sai ka shigo da hancin jirgin ta inda iska ke fitowa, ka maƙala ƙugiya, ka ja da winci, kar ka ce sai inji ya tura shi.

Ni ma na sha wanga wahala, ranar har santsin gansakuka ya kada ni, wayata ta sha ruwa wallahi. Ka ja hambirki, ka sa dutse bayan taya, kuma ɗaga injin sama kafin ka ja mota, in ba haka ba farfela za ta ci ƙasa.