Amsa ga mai fama da zugin ƙafa da dare

Malam, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da ka kwatanta, tafin ƙafa na zugi kamar an shafa barkono, cikin dare kuma kamar ana tsira maka allura, ga ciwon suga shekara da shekaru, ya yi kama da lalacewar jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙafa. Mahaifiyata ta sha wannan.

Ka fara da daidaita suga, shi ke hana abin yin gaba. Idan ka daɗe kana shan maganin suga na metformin, ka roƙi likita ya auna maka bitamin B12, domin maganin kan rage shi. Paracetamol ba ya taɓuka komai a nan. Likitoci kan ba da amitriptyline, pregabalin ko duloxetine. Don Allah kada ka saya da kanka a kemis.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙafar da ta daina ji. Hajiyarmu ta ƙone a jikin kaskon wuta lokacin hunturu, ba ta sani ba sai da safe. Ka riƙa duba tsakanin yatsu kullum, ka zazzage takalmi kafin ka sa, ruwan alwala mai ɗumi kuma ka gwada shi da gwiwar hannu.