Ga ƙanina mai son zuwa Amurka karatun tattalin arziki

Salam ƙanina, na ga saƙonka. Ka ce ka gama digirin farko a ikonomiks a BUK, burinka ka zo nan ka yi digirin digirgir ka zama malamin jami'a, kana tambaya ko dole sai ka yi mastas tukunna. To ba dole ba ne, yawancin jami'o'in nan suna ɗaukar mutum kai tsaye, karatun shekara 5 zuwa 6 ne, kuma in sun ɗauke ka galibi su ke biyan kuɗin makaranta har su ba ka alawus, kai kuma kana taya farfesa koyarwa da makin takardun ɗalibai.

Amma don Allah ka ji ni da kyau, lissafi shi ne maganar. Masu tantancewa suna buɗe takardar sakamakonka abin da idonsu ke fara nema kalkulas ne da aljabara da istatistiks, sai wani kwas da ake ce wa riyal analisis, wanda mu can gida a sashen lissafi ake yinsa, ɗalibin ikonomiks ba kasafai yake leƙa shi ba. Shekarar farko maikro ne (tattalin arzikin ɗaiɗaikun mutane da kamfanoni) da makro (na ƙasa baki ɗaya) da ikonometiriks (auna tattalin arziki da alƙaluma), farfesa zai cika allo da haruffan Girka ya goge ya sake cikawa, sai a yi awa biyu cur ba ka ji an ambaci farashin masara ba, ƙarshen shekara kuma jarabawar tantancewa tana jiranka, wurare da yawa in ka faɗi sau biyu sai a sallame ka da mastas. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa sun koma a haka, abin ya dame ni sosai wallahi.

Shi ya sa ni shawarata, in lissafinka bai yi ƙarfi ba ka yi mastas ɗin, amma wanda ke da lissafi sosai. Ka duba shirin AERC, wata cibiyar binciken tattalin arzikin Afirka da ke Nairobi, suna tallafa wa ɗaliban Afirka a wannan fannin. GRE kuma, wato jarabawar neman shiga karatun gaba da digirin farko, ɓangaren lissafinta maki mafi yawa shi ne 170, manyan jami'o'i so suke ka matso kusa da can. Ka fara koyon Stata ko R, manhajojin nazarin alƙaluma, tun yanzu a kwamfutarka, sannan wasiƙun shaida guda 3 ka nema wajen malaman da suka san aikinka da gaske, ba mai babban suna da bai ma san fuskarka ba.

Turo min jerin kwasakwasan da ka yi in duba inda ke da giɓi. A gaida su Hajiya.